Fayil ɗin lissafinmu ya ƙi buɗuwa, kuma ni ce ta ƙarshe da ta taɓa shi

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen lissafi na wani kamfani, wannan ce shekarata ta uku. Akwai wani fayil ɗin Excel da muke fitar da rahoton ƙarshen wata da shi. Wani abokin aikinmu ne ya gina shi, ya sa masa makro, wato umarnin da ke sa Excel ya yi aiki da kansa, da maɓallai, idan na danna sai ya tattara komai ya fitar da rahoto. Ya bar aiki bara, kuma ba a rabu da shi da daɗi ba. Ni amfani kawai nake yi da fayil ɗin, ban san yadda aka rubuta abin da ke cikinsa ba. Makon jiya aka canja mini kwamfuta, don haka na riƙa aiki a kan fayil ɗin kai tsaye daga filashi. Ranar Talata ina cikin adana shi sai kwamfutar ta mutu. Da na kunna na buɗe, lambobin sun bayyana, amma ina danna Enable Content, maɓallin da ke ba makro izinin aiki, sai Excel ya rufe kansa. Yanzu ma ko jira ba ya yi, yana buɗewa yake rufewa. Na gwada ya fi sau ashirin. Kwafin da nake da shi na wata huɗu baya ne. Yaron da ke kula da kwamfutocinmu ya ce fayil ya mutu, in sake shigar da komai da hannu. Wata ƙawata kuma ta nuna mini wani shafi a intanet da ake tura fayil su gyara. Oga ya ji ƙishin-ƙishin, abin da ya ce kawai shi ne ai ni na taɓa shi daga ƙarshe. Saura kwana takwas a nemi rahoto. Ba na iya barci. Ina jin nauyin kiran wanda ya gina fayil ɗin, kuma ina tsoron gaya wa oga gaskiyar girman abin. Don Allah a ba ni shawara.

Daga wata mai karatu.

Wa'alaikumus salam 'yar'uwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma a karo na biyu na tsaya a kan jimla ɗaya da kika rubuta kika wuce kamar ba komai ba: lambobin sun bayyana kafin Excel ya rufe. Wannan jimlar ita ce mafi daraja a duk abin da kika aiko. Fayil ɗin da ya nuna miki lambobinsa, ko na daƙiƙa biyu ne, bai mutu ba. Excel ya iya karanta shafukan, ya jera su a gabanki, sai da ya zo kan makro sannan ya faɗi. Saboda haka ki sa a ranki tun yanzu cewa abin da kike tsoron ya salwanta, wato aikin wata huɗu, mai yiwuwa yana nan lafiya lau, ƙofar shiga ce kawai ta cije.

Kafin komai, ki daina buɗe wannan fayil ɗin. Na san abin da ke sa mutum ya danna sau ashirin, zuciya ce ke cewa wataƙila wannan karon ya yarda. Amma kowace buɗewa a kan filashin da wuta ta yanke masa aiki ƙarin kasada ce. Ki sa filashin, ki kwafe duk abin da ke cikin foldar zuwa kwamfuta, ba fayil ɗin kaɗai ba, har da duk wani abu mai baƙon suna da kika gani kusa da shi. Idan Windows ya tambaye ki ko ya duba filashin ya gyara, kada ki yarda sai kin gama kwafa, kuma ko da wasa kada ki bari a yi masa fomatin. Dalilin da ya sa na ce har da masu baƙon suna shi ne yadda Excel ke adana aiki: ba ya rubutawa kai tsaye a kan tsohon fayil, yana fara zuba komai ne a wani fayil na wucin gadi a cikin foldar, mai sunan haruffa da lambobi barkatai, idan ya gama sai ya kawar da tsohon ya laƙaba wa sabon sunansa. Idan wuta ta yanke a tsakiyar wannan hidimar, wani lokaci na wucin gadin yakan rage a wurin, kuma yakan zama cikakke ko kusa da cikakke. Idan kin same shi, ki kwafe shi, ki ƙara masa .xlsm a ƙarshen suna, ki ajiye gefe. Daga nan ki cire filashin ki kulle a aljihun tebur. Duk gwajin da zan faɗa miki, a kan kwafi za ki yi shi, kuma kowane gwaji da sabon kwafinsa.

Bari in bayyana miki abin da ke cikin fayil ɗin, don idan kin gane shi rabin tsoron zai tafi. Tun daga Office na 2007, fayil mai ƙarewa da .xlsx ko .xlsm ba dunƙulallen abu ɗaya ba ne. Jaka ce da aka matse, irin ta ZIP, a cikinta akwai ƙananan fayiloli da yawa: kowane shafi da nasa, rubuce-rubucen da ke cikin gurabe da nasu, launuka da tsarin ado da nasu. Makro kuma, wanda aka rubuta da yaren VBA, yana zaune shi kaɗai a wani fayil mai suna vbaProject.bin. Bambancin .xlsx da .xlsm ke nan, na biyun yana da izinin ɗaukar wannan ɗakin na makro, na farkon ba shi da shi. To wannan ɗakin shi ne mai saurin lalacewa, domin ba rubutun umarnin kaɗai ke ciki ba. Akwai rubutun da mutum ya rubuta, akwai kuma fassararsa da Excel ya yi wa kansa ya ajiye don ya riƙa aiki da sauri. Idan fassarar ta lalace, ko ta daina dacewa da irin Excel ɗin da ke kan kwamfutar, sai Excel ya yi tuntuɓe da ita ya faɗi, alhali rubutun asalin yana nan ba abin da ya same shi. Wannan ma ya bayyana dalilin da ya sa yanzu ba ya jira. Ranar da kika danna Enable Content, Excel ya rubuta a wurinsa cewa kin amince da wannan fayil ɗin, daga nan ya daina tambayarki, yana buɗewa yake tayar da makro, yana tayarwa yake faɗuwa. Kwafi mai sabon suna a sabuwar folda ba ya cikin waɗanda aka amince da su, don haka zai sake tsayawa ya tambaye ki.

A labarinki akwai abubuwa biyu da suka faru a mako guda, kuma kowannensu zai iya zama sanadi: mutuwar kwamfuta ana cikin adanawa, da kuma canjin kwamfutar kanta. Ke kin ɗora laifin duka a kan na farko saboda a hannunki ya faru. Ni ban yanke hukunci ba tukuna, kuma akwai gwaji mai sauƙi da zai raba gardama. Wannan kwafin na wata huɗu da kike ganin ba shi da amfani, ki kwafe shi, ki buɗe a sabuwar kwamfutar, ki danna Enable Content, ki gwada maɓallan. Idan shi ma ya rufe Excel ko ya fito da saƙon kuskure, to ba filashi ba ne, sabuwar kwamfutar ce ba ta jituwa da makro ɗin, kuma tsohuwar kwamfutarki, idan tana nan a ajiye, za ta iya buɗe fayil ɗinki na yanzu a yau ɗin nan. Idan kuwa tsohon kwafin ya yi aiki sumul, to lalle fayil ɗin ranar Talata ne ya ji rauni, amma kuma kin sami magani a hannunki. Wanda ya rubuta makro ɗin ya tafi tun bara, ke kuma ba ki taɓa shi ba, ke nan makro ɗin da ke cikin kwafin wata huɗu shi ne dai wanda ke cikin na yanzu, harafi da harafi. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya rage kawai shi ne a ciro lambobin wata huɗu daga fayil mai rauni a zuba su a cikin mai lafiya.

Ga yadda za ki ciro su. Ki buɗe Excel shi kaɗai, ba tare da wani fayil ba. Ki shiga File, ki shiga Options, sai Trust Center, sai Trust Center Settings, a ƙarƙashin Macro Settings ki zaɓi wanda ke hana duk makro aiki ba tare da ya tambaye ki ba. A sashen Trusted Documents kuma akwai maɓallin da ke goge jerin fayilolin da aka amince da su, ki danna shi. Sannan ki buɗe sabon littafi mara komai, ki je Formulas, ki mayar da Calculation Options zuwa Manual, don kada Excel ya fara sake lissafa komai da zarar ya buɗe fayil ɗin. Yanzu ki buɗe kwafinki ta hanyar File da Open. Idan ya fito da Enable Editing, wannan ba laifi ki danna, Enable Content ne ba a so. Da zarar ya tsaya da ƙafarsa, kada ki tsaya duba komai, ki je Save As ki adana shi da sabon suna a matsayin .xlsx. Zai gargaɗe ki cewa makro ba zai biyo ba, ki ce kin yarda, ai abin da muke so ke nan. Idan wannan ya yiwu, to kin tsira, lambobinki da ƙa'idojin lissafinki duk suna hannunki. Ki yi kwafin wannan sabon fayil ɗin biyu kafin ki tashi daga kujera. Wata gajeriyar hanya da ta kamata ki sani: riƙe maɓallin Shift lokacin da ake buɗe fayil yana hana makro masu tashi da kansu a lokacin buɗewa su tashi.

Idan ya ƙi duk da haka, akwai matakai a gaba, kuma ba a ƙare ba. A tagar Open, maimakon ki danna maɓallin Open kai tsaye, ki danna ƙaramar kibiyar da ke gefensa ki zaɓi Open and Repair. Zai ba ki zaɓi biyu, Repair da Extract Data. Ki fara da na farko, idan bai yi ba ki koma na biyu, wanda ke tsamo lambobi da ƙa'idoji ya bar sauran. Idan wannan ma ya gaza, ki nemi LibreOffice, manhaja ce ta kyauta, sashenta na lissafi sunansa Calc. Ba da idon Excel yake karanta fayil ba, don haka sau da yawa abin da ke kayar da Excel shi ko a jikinsa, yakan buɗe, har ma ya nuna rubutun makro ɗin. Sai dai kada ki adana a kan kwafin da kika buɗe, ki ba shi sabon suna. Akwai kuma dabarar leƙe ta taga: a sabon littafi za a iya rubuta ƙa'idar da ke nuni zuwa gurbin A1 na wani shafi a cikin fayil ɗin da ya ƙi buɗuwa, sannan a ja ta ƙasa da gefe, sai ta kwaso ƙimar kowane gurbi ba tare da an buɗe fayil ɗin ba. Wannan lambobi kawai take kawowa, ba ta kawo ƙa'idojin lissafi, amma a halin da kike ciki lambobin ne dukiyar.

Mataki na ƙarshe a wannan layin shi ne buɗe jakar da kanta, kuma a nan nake so ki jawo yaron nan na kwamfuta ku zauna tare. A kan kwafi, a canja ƙarshen sunan daga .xlsm zuwa .zip, a buɗe, a shiga foldar xl. Za ku ga vbaProject.bin a zaune. A kwafe shi a ajiye gefe, a cire shi daga jakar, a mayar da sunan .xlsm kamar yadda yake, kada a mai da shi .xlsx don ba zai karɓa ba. Excel zai iya yin ƙorafin ya ga abin da bai gane ba, ya nemi izinin gyarawa, a ba shi. Wannan gwajin yana da wani amfani kuma: idan jakar ZIP ɗin kanta ta ƙi buɗuwa, ko kuma girman fayil ɗin ya yi ƙasa sosai da na tsohon kwafi, to rubutun ne ya yanke a tsakiya. A nan manhaja irin 7-Zip takan iya ciro wasu sassan, kuma a nan ne fayil ɗin wucin gadin da na ce ki nema zai yi rana. Ki kuma duba File, Info, Manage Workbook, domin Excel a tsarinsa na asali yana ajiye kwafin ceto duk bayan minti 10, kuma a Options ƙarƙashin Save za ki ga foldar da yake zuba su. Kada ki manta da akwatin imel ɗinki da na abokan aikinki. Mutane sukan manta sun taɓa tura wa wani fayil ɗin wata guda baya.

Idan lambobin sun fito, wajen mayar da su cikin tsohon kwafi mai lafiya ki yi hattara da abu ɗaya: kada ki ɗauko shafi sukutum ki kai can, don wani lokaci raunin yana biyo shafin. Ki kwafi guraben da kuke shigar da bayanai da hannu kawai, ki liƙa ta Paste Special ki zaɓi Values. Sannan kafin ki yarda da shi, ki sa shi ya fitar da rahoton watan jiya, wanda kun riga kun miƙa kuma kuna da shi a takarda ko a imel, ki gwada jimillar da jimilla. Idan sun yi daidai har ƙwandala ta ƙarshe, to kin dawo kan hanya. Ki tuna ki mayar da lissafi zuwa Automatic, in ba haka ba za ki ga lambobi sun ƙi motsi ki sake shiga wani firgicin.

To idan gwajin farko ya nuna sabuwar kwamfutar ce fa? A nan akwai 'yan wuraren da aka saba samun matsala. Da farko a gane ko Excel ɗin kansa lafiyarsa ƙalau: a riƙe maɓallin Ctrl lokacin kunna shi, zai tashi a yanayin kariya, ba tare da ƙarin manhajojin da aka jingina masa ba da kuma abubuwan da ke cikin XLSTART, foldar da Excel ke buɗe abin da ke cikinta duk lokacin da ya tashi. Idan a haka fayil ɗin ya zauna lafiya, to laifin na ɗaya daga cikin waɗannan ne, sai a kashe su a riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin. Idan ba su ba ne, a buɗe kwafin da makro a kashe, a danna Alt da F11 tare, tagar rubutun makro za ta fito. A Tools akwai References, a duba ko akwai layin da ya fara da kalmar MISSING. Wannan yana nufin makro ɗin yana dogara da wani abu da ke kan tsohuwar kwamfuta wanda babu shi a sabuwar. Sai kuma batun 32 da 64. Tun Office na 2010 ake da nau'i biyu, mai bit 32 da mai bit 64, kuma yawancin sababbin kwamfutoci na biyun ake sa musu. Tsohon makro da ke kiran Windows kai tsaye ta layukan da suka fara da Declare yana buƙatar gyara kafin ya yi aiki a mai bit 64. Idan ba a gyara ba yakan fito da saƙon kuskure, idan kuma an yi masa gyaran rabi da rabi yakan rufe Excel ɗungurungum. Maɓallan da ke kan shafi ma, idan irin na ActiveX ne, suna ajiye wasu ƙananan fayiloli masu ƙarewa da .exd a foldar wucin gadi ta Windows, kuma a Disambar 2014 wata sabuntawar Office ta sa irin waɗannan maɓallan sun daina aiki a kwamfutoci da yawa, maganin da ya yi wa mutane da dama aiki shi ne goge waɗannan fayilolin don Excel ya sake ƙirƙiro su.

A wannan tagar dai ake gyara fassarar da ta lalace. A Debug akwai Compile VBAProject, a danna shi sannan a adana da sabon suna, yakan sa Excel ya zubar da tsohuwar fassarar ya yi sabuwa. Idan bai isa ba, sai a fitar da kowane ɓangaren rubutun waje ɗaya bayan ɗaya ta Export File, a shigo da su cikin littafi mai tsabta ta Import File, abin da ke jikin shafuka da ThisWorkbook kuma a kwafe shi da hannu. Ban ce ki yi wannan ke kaɗai ba. Na faɗa ne don ki san abin da za ki roƙa a yi miki da sunansa.

Wannan ya kawo ni kan yaron da ya ce fayil ya mutu. Kada ki riƙe shi a zuciya. Wanda aikinsa haɗa kwamfutoci da gyara firinta da intanet ba lalle ne ya taɓa leƙa cikin VBA ba, kuma mutum idan aka kawo masa abin da bai sani ba yakan ba da amsar da za ta rufe maganar. Amma idan kika je masa da buƙata takamaimai, kika ce ina son tsohuwar kwamfutata ta awa ɗaya, ina son a sa mini LibreOffice, ina son ka duba mini Event Viewer ka ga sunan abin da ya kayar da Excel, za ki ga ya zama wani mutum daban. Idan a can ya ga VBE7.DLL, to ya tabbata a ɓangaren makro abin yake. Ki kuma roƙe shi ya bi filashin da fayil ɗin da manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta, don makro tsohuwar ƙofa ce ta ɓarna, tun 1996 aka ga cutar farko da ke yaɗuwa ta makro ɗin Excel, kuma saboda irin haka ne a 2022 Microsoft ya fara toshe makro a fayilolin da suka zo daga intanet. Don haka duk wanda ya ce ki kunna zaɓin da ke barin kowane makro ya yi aiki don a huta, ki ce a'a.

Shafin da ƙawarki ta nuna miki kuwa, ki yi mata godiya, niyyarta mai kyau ce, amma kada ki tura. Fayil ɗin ba naki ba ne, amanar kamfani ce, kuma a ciki akwai lissafin da ba a so ya fita. Ba ki san wa ke bayan shafin ba, ba ki san inda za a ajiye abin da kika tura ba. Lalacewar fayil tsautsayi ne da ake yafewa. Fitar da bayanan kamfani ba da izini ba kuwa laifi ne da zai iya cin aikin mutum, ko da gyaran ya yi. Idan har ta kai ga sai an nemi ƙwararre daga waje, oga ne zai yanke wannan, ba ke ba.

Yanzu ga abin da na san shi ne ainihin mai hana ki barci. Ki gaya wa oga, kuma gobe da safe, kada ki jira sai kin gyara. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Idan kin faɗa masa tun yanzu, yana da sauran kwanaki na yin dabara: ya ba da izinin fito da tsohuwar kwamfuta, ya ƙara miki mai taimako, ya sanar da na sama da shi cewa rahoto zai iya jinkirin kwana ɗaya ko biyu. Idan kika bari sai ana gobe miƙawa, kin ƙwace masa duk wannan, kuma fushin da zai yi a lokacin ba na fayil ba ne, na ɓoyewar ne. Ki sa kanki a matsayinsa kaɗan. Shi ma akwai wanda zai tsare shi da tambaya, kuma maganar da ya yi cewa ke kika taɓa shi daga ƙarshe ta fi kama da ta mutumin da ya ji rabin labari ya tsorata. Ki je masa da magana gajera, a tsaye: ga abin da ya faru ranar Talata, na kwafe komai na adana, alamu sun nuna lambobin suna nan, ga abin da zan gwada yau da gobe, ga ranar da zan dawo maka da sakamako, idan bai yiwu ba ga yadda za mu fitar da rahoton da hannu. Bayan kun yi magana ki bi shi da ɗan saƙon imel mai ɗauke da wannan, don kowa ya san inda aka tsaya.

A cikin maganar ki ɗauki naki kason, amma naki kaɗai. Aiki kai tsaye a kan filashi kuskure ne, barin wata huɗu ba kwafi ma kuskure ne, ki faɗa da bakinki ba tare da kewaye-kewaye ba, hakan zai ƙara miki ƙima a idonsa. Amma ba ke kika kashe kwamfutar ba, ba ke kika tsara cewa rahoton kamfani guda ya rataya a kan fayil ɗaya da mutum ɗaya kaɗai ya san cikinsa ba, kuma ba ke kika bar shi ya tafi ba tare da ya rubuta bayanin abin da ya gina ba. Wannan ba lokacin jera wa oga waɗannan ba ne, ki bari sai ƙura ta lafa ki kawo su a matsayin gyara. Ina faɗa miki ne don ki daina ɗaukar kayan da ba naki ba kina kwana da shi.

Shi kuma wanda ya gina fayil ɗin, saɓaninsa da kamfani ne, ba ki ce da ke ba ne. Na ga mutane da yawa da suka bar wuri da ɓacin rai amma suna jin daɗi idan aka tuna da aikin hannunsu aka tambaye su cikin mutunci. Ki nemi izinin oga tukuna, sannan ki kira shi, ki gaisa da shi yadda ya kamata, ki tambaye shi abubuwa uku: ko akwai kalmar sirri a kan rubutun makro ɗin, ko makro ɗin yana dogara da wani fayil ko wata manhaja a tsohuwar kwamfutar, da kuma ko akwai inda ya bar kwafi a kwamfutocin ofis. Ta farkon tana da muhimmanci ƙwarai, don idan ya kulle rubutun, Alt da F11 ba za su nuna muku komai ba sai da ita. Kada ki tura masa fayil mai bayanan kamfani. Idan aikin ya wuce amsa tambaya ya zama gyara na sa'o'i, to haƙƙinsa ne kamfani ya biya shi, ki faɗa wa oga haka. Idan kuma ya ƙi, ki yi masa uzuri, ba a kansa kaɗai hanyar take ba.

Ki sa wa kanki iyaka. Kwana biyu na gwaji, ba ƙari. Idan zuwa yammacin rana ta biyu lambobin sun fito amma makro bai tashi ba, ki ajiye makro, ki fitar da rahoton wannan watan da hannu daga fayil ɗin .xlsx, kina bin tsarin na watan jiya. Idan ko lambobin ba su fito ba, abin da ban zata ba, to wata huɗu ne za a sake shigarwa a kan tsohon kwafi, ba shekara uku ba, kuma kwana shida da mutum biyu sun fi dare ɗaya da mutum ɗaya.

Bayan an wuce wannan, fayil ɗin ya koma zama a kan kwamfuta ko ma'ajiyar ofis, filashi ya zama na ɗaukar kwafi kawai. Idan kuna da OneDrive ko SharePoint, suna riƙe tsofaffin nau'o'in fayil a Version History, ana iya komawa na jiya ko na makon jiya. Idan babu, duk ƙarshen mako ki adana kwafi mai kwanan wata a sunansa, kuma a tagar Save As, ƙarƙashin Tools da General Options, ki kunna Always create backup, wanda ke ajiye kwafin da ya gabata duk lokacin da kika adana. A fitar da rubutun makro ɗin a ajiye shi daban, a kuma sa wani ya rubuta a shafi ɗaya abin da kowane maɓalli yake yi.

Daren yau dai abu biyu kawai nake so ki yi, ki kwafe foldar filashin, ki gwada tsohon kwafin a sabuwar kwamfutar, sannan ki kwanta. Idan wani saƙo ya fito a allon, ki ɗauki hotonsa da wayarki kafin ya ɓace, ki rubuto mini ainihin kalmominsa da abin da tsohon kwafin ya yi, daga nan zan san ta inda za mu ci gaba. Allah ya sauƙaƙa miki, ya fitar da ke kunya.